Mai Haƙan Kabari a Tsibirin Kosika

Shekara arba'in da ɗaya ina haƙa
a wannan tudu na bayan coci,
ƙasa mai tsakuwa, mai cin bakin shebur.
'Yan gidan Tramoni na binne bakwai.
'Yan gidan Pianelli tara, har da yaron
da reza ba ta taɓa hawa haɓarsa ba.

Tambayi mafarin abin, kowa da nasa.
Tsohuwa Saveria ta ce akuya ce
ta haura katanga ta cinye dashen zaitun.
Fada ya ce ruwan rafi aka karkatar da dare.
Kakana ya ce dariya ce kurum,
wani ya yi ta ran biki, wani ya ji.
Akuyar dai ta mutu tun ba a haifi uwata ba.
Zaitun yana nan, ya yi kauri,
'ya'yansa na zuba, ba mai tsinta.

Na ga tagogi an toshe da dutse,
an bar 'yar kafa daidai bakin bindiga.
Na ga maza sun tara gemu,
sun rantse ba aski sai jini ya biya jini.
Gidan gasa burodi ɗaya ne a ƙauyen:
matan can Talata, matan nan Juma'a,
kowace ta share tokar ɗayar tana tsaki.
Gona in an raba ta sai ta ragu.
Gaba kuwa, kowane ɗa
cikakkiya yake gadonta.

Bara Petru-Santu Tramoni ya cika
a kan gadonsa. Tari ne ya kai shi, ba dalma ba.
Maƙabarta ta cushe.
Na duba gabas, na duba yamma,
ba fili sai gefen Anghjulu Pianelli,
wanda aka ce shi ya harbe a mashaya.
Taƙi biyu ne tsakaninsu.
Na ja bakina, na haƙa.

Saveria ta zo ran Lahadi da tulunta.
Ta karanta sunan, ta sake karantawa.
Ta ce, "Matsar da shi."
Na ce, "Zuwa ina?"

Ta zuba wa furen ƙaninta ruwa.
Wurin gangare ne, ruwa bai san dangi ba,
ya nufi kabarin Tramoni.
Ta sa ƙafa ta tare.
Shekararta tamanin da shida,
tana tsaye, takalminta na jiƙewa,
har ƙasa ta shanye.