Inuwa a Gindin Allo

Hansatu ce ta aiko min da shi daga Dutse,
cikin safa, don kada ya fashe a mota.
Ta ce, "Baba, littafi ɗari uku ne a ciki,
ba ya shan caji, ba ya yaji a ido,
ka riƙa dubawa in kana gadin injin ruwa."

Daren farko a bukkar fadama na kunna shi,
sauro na yi min goge a kunne.
Saman shafi fari fat kamar kindirmo,
tsakiya ba laifi,
amma can gindi, wajen layi uku na ƙarshe,
ga sawun yatsu huɗu,
kamar yaro ya dafa bayan ya sha miyar kuɓewa.

Na goge da bakin riga. Na hura, na sake.
Na ɗan sa yawu, Allah ya yafe min.
Sale na gonar gefe ya ce raɓa ce ta shige shi,
a binne shi cikin shinkafa.
To, shinkafa dai ba ma aronta a nan.
Kwana biyu ya yi a buhun iri,
ya fito da ƙura da ƙwaro guda a baya,
inuwa na nan daram, ba alamar gushewa.

Na shanya shi da hantsi kamar barkono.
Na yanko robar tayar keke na ɗaure shi tam,
wai ko murfin ne ya ɗaga.
Haske ya gudu daga nan ya taru can,
yadda ruwa ke yi min a fangali:
na bakin bututu ya sha har ya ture,
na ƙarshen gona na kallon sama da ƙishirwa.

Ran kasuwar Gujungu na kai wa Tasi'u mai gyaran waya.
Ya juya shi, ya leƙa ta gefe, ya yi dariya.
Ya ce 'yan fitilu ne jere a ƙasa
kamar 'yan tsaki, su ke tura haske sama,
tsakanin wannan da wancan dole a sami duhu.
"In na ɓalle shi, gam ba zai koma ba.
Rage haskensa, kunna fitila a gefe,
ka ba ni na lemo, ka bar shi ya huta da taɓawa."

Na rage. Na rataye 'yar sola a tsaikon bukka.
Na ƙara girman baƙi, na faɗaɗa gefen shafi,
layuka suka janye ƙafa daga duhun
kamar mai jan tabarma daga inda rufi ke yoyo.
Yatsun nan suka fara dushewa.

Saura guda.
Wani gajimare can sama ta hagu,
launin ruwan shayi, wanda Tasi'u bai ambata ba.
Sahura jikata ta kawo fura da magariba,
na ce zo ki gani.
Ta kai shi hanci, ta kai shi nesa.
"Kaka, na ƙasan na gan su,
amma nan sama fes yake, ba wata inuwa."

Na rufe idon dama: gajimare ya cinye shafi.
Na rufe na hagu: gari ya yi wasai.
Na daɗe a zaune, inji na ta tari.
Sati uku ina tuhumar allo!
Laifi tudu ne, ashe har a ƙwayar ido.

Na kwance robar, na mayar bakin bututu
inda take da amfani.
Hansatu ta ce a kai ni a duba bayan girbi.
Kafin nan ga ni, dare ya raba,
ina karatu da kai a karkace
kamar kazar da ke duban shirwa.