Ushirin Ƙugiya

A garin da duwatsu suka fi rijiyoyi yawa
muka ƙera jirgin ruwa.
Mutanen Zango na wucewa suna leƙe:
"Ma'azu, ko labarin ɗufana ka jiyo?"
Maigidana bai ɗaga gilashin walda ba.
Kwana goma sha tara yana ɗinkin ƙarfe da wuta
domin Kiyari, masunci a tabkin Gidimuni,
wanda ya biya rabi, rabin kuma sai kifi ya yarda.

Ranar tafiya mu shida muka ɗora shi kan tirela.
Ni na tura shi can baya
kada goshinsa ya kankare fentin mota.
Na ɗaure, na ja, na kaɗe hannu,
na tsaya ina jiran yabo.

Maigida ya zo, bai ce kome ba.
Ya sa yatsa ɗaya ƙarƙashin wuyan tirela,
wuyan ya tashi sama
kamar raƙumi ya jiyo ƙamshin ƙaya.

"Lawali," ya ce, "abin da ya tashi da yatsa ɗaya
shi zai yi maka rawa a kan kwalta.
In nauyi ya koma bayan taya,
wutsiya ce za ta riƙa kaɗa kare.
In ka tura shi gaba duka,
mota ta zauna da gindi,
fitilunta na ƙirga taurari,
sitiyari a hannunka kamar faifai."

Ya aike ni gidan Tabawa mai gyaɗa
in aro sikelinta.
Ta ce in ya karye in kawo tunkiya.
Muka kife turmi bisa sikeli,
muka kwantar da wuyan tirela a kan turmi,
muka koma bayan jirgi muna turawa.
Taƙi ɗaya. Allura ta motsa.
Yatsa huɗu. Ta ƙara.
Mun zarce, mu ja baya kaɗan.
Rana ta kai tsaka muna ciniki da allura.

"Ya isa," in ji shi. "Ka san zakkar gero?
Dami goma, ɗaya ba naka ba ne.
To ƙugiya ma tana da ushirinta.
Ka ba ta, ta riƙe maka tara."

Inji muka kwantar daidai kan taya.
Jarkar mai ɗaya dama, ɗaya hagu.
Koma muka naɗe ta a goshi.
Tsohuwar taya muka yanka muka yi matashi,
igiya ta gitta ta gitta kamar ɗaurin kayan jaki.

Bayan Mirya ya ce in tsaya ƙarƙashin gawo.
"Sabuwar igiya maƙaryaciya ce."
Na taɓa, ta saki kuwa.
Muka ƙara ja, ya dafa taya ya ji zafinta.

Can gaba wata babbar mota ɗauke da shanu
ta wuce mu da iskarta,
zuciyata ta faɗo cikin cikina.
Na kalli madubi.
Jirgi na biye da mu shiru,
kamar maraƙi bayan uwa.

La'asar muka sauke shi a bakin tabki.
Ruwa ya karɓe shi ba sikeli, ba turmi,
aikinmu na wuni ya narke nan take.
Kiyari ya taka ciki, jirgi ya karkata,
ya gyara tsayuwa, ya daidaita,
bai ko waiwayo ba.

A hanyar dawowa tirela ba kaya
sai tsalle take tana surutu.
Maigida ya yi barci, hula a fuska.
Na mayar wa Tabawa sikelinta bayan isha.
Ta juya shi, ta duba allura,
ta ce, "Me kuka auna?"
Na buɗe baki, na rasa ta inda zan fara.
Na ce, "Jirgi."
Ta ce, "A Damagaram?"
ta ja ƙyaurenta.