Mai Tsaron Gida

Dubi yatsan nan, Hudu, wanda ya karkace
kamar ƙugiyar mahauci.
Ba a Turai na samo shi ba.
A nan Aboabo ne, bayan makaranta,
inda muke kafa gora biyu, mu ɗaure da igiyar shanya,
ƙasa ja, tsakuwa kamar haƙoran kare.
Ni ne ƙarami, sai aka tura ni raga.
Ba wanda ya tambaye ni.

Inna Azumi na tuyar ƙosai a bakin titi,
ta ce, "Yaron da ke faɗuwa da gangan,
wa zai wanke masa riga?"
Ita ta wanke. Shekara tara tana wankewa.

Ranar da na tare fanareti biyu a babban fili
Kumasi ta saɓa ni a kafaɗa har Kejetia.
Wani direban torotoro ya rubuta sunana a bayan motarsa,
ya cinye harafi ɗaya:
LABARN.
Na yafe masa.

Sai ga dillali da turare mai hawa kai,
da takarda shafi goma sha huɗu.
Na sa hannu inda ya nuna.

Can arewa, inda rana ke faɗuwa kafin la'asar,
na koyi kalma uku a bakinsu:
tawa ce, bari, fita.
Sauran na faɗa da Hausa,
ƙwallo ba ta taɓa neman tafinta ba.
Kaka biyu ina zaune a benci, lulluɓe da bargo,
ina kallon wani dogo yana cin tuwona.
Da ya karye, na shiga.
Wasa goma sha ɗaya ba a huda ni ba,
ba wanda ya buga waya.
A na sha biyu wata ragguwar ƙwallo,
wadda ko akuya za ta tare,
ta bi ta tsakanin ƙafafuna tana tafiyar amarya.
Wannan kam har Asawase an gani.

A daren nan wayata ta yi ƙara.
Na zaci zagi ne.
Ashe ruwa ne ya cika rafi, ya ci katangarmu,
Baba kuma yana asibiti, bai kai asuba ba.

Mai tsaron gida suke ce mini, Hudu.
Gidan wa?
Na tsare ƙarfe uku da raga a ƙasa huɗu,
wata ƙasar har yau tana riƙe da albashina na wata biyar,
namu gidan kuwa maƙwabta suka kwashe masa laka.

Na dawo da jaka ɗaya, rabinta safar hannu,
da gwiwa mai sanar da ni hadari kafin ya haɗu.
Inna ta juya tafina, ta daɗe tana kallo,
ta ce, "Ka ci abinci?"

Yanzu ga ka, kai ne ƙarami,
sun tura ka raga, kana kumbura baki.
Karɓi safar nan, ta yi maka yawa, cusa tsumma.
Kada ka kalli idon mai bugu, maƙaryaci ne,
kalli ƙafar da ya dasa.
In ta wuce ka, shiga ka ɗauko ta da kanka,
kada ka jira a miƙo maka.

Tashi, ga su nan tafe.
Matsa hagu kaɗan.
Hagu na ce!