Rabon Gurbi

A ɗakin bayan asibitin Kiyawa
an kafa akwatin ƙarfe, ya kere Jatau direba tsawo.
Gurbi arba'in a cikinsa, da hannu guda
mai zarya, ba gumi.

Bayan la'asar na zauna rabo.
Goma sha biyu na haihuwa,
takwas na rigakafi,
ɗaya na kaset mai shara,
saura na masu jinya.
Kowane kaset da lambarsa a goshi;
hannun ya haska jan ido, ya karanta,
ya raka shi gida.

Haka Hajjo kakata take da rumbunta:
gero nan, maiwa can, shamaki a tsakani.
Iri kuwa yana tulu, an liƙe da laka,
ko yunwa ta shimfiɗa tabarma ba a fasawa.

Na tura ɗan makullin kaset ɗin bara:
a karanta, kada a goge.
Sunan 'yata na ciki.
Kwana tara ta yi.

Aka ɗauke wuta, batirin sola ya karɓa.
Hannun ya tsaya cak,
sannan ya ci gaba.
Ni ce na daɗe ban motsa ba.