Cokali Huɗu

Shekara ashirin da shida ina jan bas
daga Curepipe zuwa Mahébourg,
a titin da ya raba gonakin rake biyu
kamar tsagar kitso.
Ko ramukan hanyar sun san ni.

Ranar Talata wata tsohuwa ta taɓa kafaɗata:
"Premduth, ina muke?"
Na buɗe baki.
Ga cocin, ga kantin mai shuɗiyar ƙofa,
ga karen da ke kwana a gindin mangwaro,
amma sunan garin ya maƙale
kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.
Sai yaron mota ya ce, "Rose Belle."
Garin da na auro matata.

Likita Appadoo ta karanta takardar jinina,
ta ɗago ta karanta fuskata.
"Cokali nawa a shayi?"
Huɗu.
"Kofi nawa a yini?"
Yatsun hannu ɗaya suka ƙare.
Na haɗiye zancen lemon kwalba na tasha
da kek mai jan baki na bayan la'asar.
Ta ce, "Ba zan rantse cewa sukari ne ɓarawon ba.
Ana dai yawan ganin sawunsa a bakin ƙofa.
Ƙwaƙwalwar ɗan hamsin da uku
ba ta yafe bashin da ta yafe a ashirin."

Ya zan yi in gaya mata?
Jirgin ruwa ne ya kawo kakan kakana daga Bihar
da lamba a madadin suna,
don ya sare wa wasu zaƙi.
Ganyen rake ya zane hannuwan uwata
har zobe ya daina shiga.
Ran da babana ya fara sayen buhu da kuɗinsa
ya cika cokali har yana zuba, ya ce,
"Mun sara shekara ɗari. Yanzu mu sha."
Duk motsa kofin da nake, muryarsa nake ji.
Ashe abin da nake tuna shi da shi
yana iya cinye mini shi.

Yanzu cokali ɗaya, a shafe.
Shayin da ɗaci, amma na gano yana da ƙamshi.
Da dare ina jero tashoshi a kan gado,
Nouvelle France, Union Park, Rose Belle,
Rose Belle.

Sarojini ta ɓoye gwangwanin.
Ta ce ai ta gaya mini inda ta sa shi.
Ko na manta,
ko matar nan ƙarya take.