Lambar da Ta Ƙare da Tara

Takardar ta iso ran Talata, ruwa ya jiƙa gefenta.
Inna ta goge hannu a jikin riga kafin ta miƙo min,
kamar mai miƙa garwashi.

Na riga na gwada sara wa hafsa a bayan gida,
kaji ne shaiduna.
Teku na roƙa.
Sai na ga an rubuta: Horden, ramin kwal.
Wai hannu aka zura cikin hula a Landan,
aka ciro tara,
kuma tara ce wutsiyar lambata.

Yayana Clifford ya samu jirgin ruwa.
Mavis aka tura ta cusa albarushi a Aycliffe,
ta zo hutu fatarta rawaya kamar an shafa gangamau,
tana dariya, tana ɓoye hannu a aljihu.
Gwamnati ta raba mu kamar goron suna,
ba wanda ya rage a faranti.

Kejin ƙarfe kan sauke mu kafin asuba,
hanji ya tsaya sama, ƙafa ta tafi ƙasa.
Mu yi tafiyar awa guda a sunkuye
har rufin ya fara ɗigar ruwan gishiri.
Tsoho Pybus ya ce, "Yaro, ga tekun da ka roƙa,
yana bisa kanka."

Shi ya koya min sauraron katako:
in ya yi kuka, kada ka tsaya ɗaukar shebur.
Akwai ɗan doki, Bobbin, mai jan taragon kwal,
nakan ba shi ɓawon burodina.
Shi ma ba a tambaye shi ba.

Wata Asabar a layin mota
wata mata mai baƙin mayafi ta dube ni sama da ƙasa:
"Ƙato kamarka, ina kakinka?"
Na buɗe baki.
Na tuna wa take wa makoki, na rufe.

Ran da aka buga ƙararrawar gama yaƙi
muna ƙasa, ba mu ji ba.
Sai da muka fito muka tarar gari na rawa.
Shekara biyu suka ƙara riƙe ni.

An aiko wa Inna lambar yabon Clifford a ƙaramin akwati,
ba tare da Clifford ba.
Tawa tana nan a goshi, shuɗin tabon da kwal ya bari,
da wannan tari
da ke tashe ni ƙarfe huɗu,
lokacin keji.