Talatar Sajo

Shekara biyu suna kulle a ɗaki na bakwai,
kwamfuta goma sha takwas, lulluɓe da tsohuwar atamfa
kamar kwanukan jere da ba a ci a ciki.
Mabuɗi na aljihun shugaban makaranta,
shi kuwa kullum yana taro a cikin gari.
Zanzaro ya yi gini a bayan ta uku,
shi kaɗai ya mori kyautar.

Ni labarin ƙasa nake koyarwa a nan Garwa.
Na zana Binuwai da alli har hannuna
ya san lanƙwasarta fiye da hanyar gidana.
Sau ɗaya na kunna wata a gaban yara sittin da huɗu.
Ta yi shuɗi, ta rubuto abin da ban gane ba.
Can baya wani ya yi tari,
irin tarin da dariya ke ɓuya a cikinsa.
Na mayar mata da zanenta.

Sai Sajo, wata Talata,
a kan babur mai salansa ɗaure da waya,
da jakar da ta fi shi nauyi.
Ya hure, ya goge, ya roƙi gafarar zanzaro.
Ya ce, "Malam, danna. Ba ta cizo."
Bai taɓa karɓe linzamin daga hannuna ba.
Benci na ƙarshe yake zama, gwiwa a haɓa,
in ta cije mini sai ya taso
kamar mai neman aron alli,
ya raɗa mini kalma biyu, ya koma.
Yara suka ɗauka ni na iya.
A hankali abin ya zama gaskiya.

Ranar da muka leƙo Garwa daga sama
aji ya rikice:
ga gada, ga kasuwa, ga kwanon gidanmu!
Hamajoda ya kalli allo, ya kalli gilashi,
ya ce, "Malam, naka kogin ya fi wannan ƙiba."
Da rani aka ɗauki hoton.
Shekara ashirin ina koya musu damina.

Amma Talata ɗaya ce a mako.
Abin da ya mutu ran Laraba
sai ya kwana shida ba jana'iza.
Muka riƙa rububin ranar kamar ruwan famfo,
ni da Madam Dudu ta lissafi har gaisuwa ta yi tsami.
Malam Bakari bai shiga ba ko sau ɗaya,
ya ce ba ya hawa jakin da mai shi ba ya kusa.
Ban ga laifinsa ba.

Kuɗin aikin ya ƙare kafin a tsinke auduga.
Sajo yana Ngawundare yanzu,
yana gyaran waya a bakin tashar jirgi.
Ya bar mana sukundireba mai jan kai,
da littafi mai shafi goma sha biyu na rubutun kaza,
da Astajam, 'yar aji huɗu,
wadda ta saba tsayawa a bayansa tana kallon yatsunsa.
Sha ɗaya ke numfashi a yau.
In ruwa ya ja baya a Lagdo, wuta ta bi shi,
mu koma ga alli, ba mu yi faɗa da shi ba.

Jiya ta gaba ta ƙi tashi.
Na buɗe baki zan kira Astajam,
bencinta wayam, zazzaɓi ya riƙe ta a gida.
Na tsaya. Zanen atamfa na nan a ƙusa.
Sai na naɗe hannun riga,
na durƙusa ƙarƙashin tebur, gwiwoyina na ƙara,
a gaban sittin da uku,
na lalubo wayar da ta zame, na tura.
Fankarta ta ja numfashi.

Can baya wani ya yi tari.
Na ɗago.
Mura ce.